Tuƙar Lamba Biyar

A tashar binciken dabbobi, ɗakin gwaje-gwaje shi ne na ƙarshe a doguwar baranda, bayan ofishin Darakta, bayan ɗakin taro, bayan sito. Baƙo ba ya bukatar ɗan rakiya, ya bi warin tumbi kawai zai isa. A nan wata mata ta shekara goma sha tara tana zaune, ido ɗaya a kan madubin ƙara girma, babban yatsa a kan wani ɗan ƙarfe mai cewa ƙas duk sanda aka danna shi. Kowa a tashar Anti Ƙirga yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Abin da take ƙirgawa yana son ɗan bayani. Tunkiya ba ita kaɗai take narkar da ciyawar da ta ci ba. A cikin tumbinta akwai gari guda na ƙananan halittu da ido ba ya gani, su suke yi mata aikin. Mafi yawansu bakteriya ne, masu ruɓar da ciyawa su mai da ita abin da jiki zai ɗauka. Sai wasu manya a kansu, masu gashi-gashi a jiki, da ake kira furotozowa. Su ma sukan taɓa aikin ciyawa, amma inda suka fi ƙwarewa shi ne haɗiye bakteriyar da ke yin aikin. Anti Ƙirga takan ce duk ma'aikatar da ta sani haka take, shi ya sa ba ta taɓa jin haushinsu ba.

A shekarar da muke magana, wata matashiya ta dawo daga karatu da digirin dakta, da kuma tambaya guda: in aka cire manyan nan gaba ɗaya, me zai faru da cikin rago? Aka ba ta raguna shida. Likitan dabbobi ya yi wa kowanne 'yar taga a gefen hagu, aka toshe da murfin roba, ta yadda za a buɗe a ɗebi ruwan tumbi a mayar da murfi, ragon yana ta cin abincinsa ko a jikinsa. Sati uku ana wanke musu tumbi da magani. Ranar da Anti Ƙirga ta duba gilashi shida ba ta ga komai yana motsi ba, ta rubuta sifili shida a littafinta, Dakta ta rungume ta.

"Anti, wannan takardar in ta fito, sunanki ne na biyu, bayan nawa."

Anti Ƙirga ta ce Allah ya kai mu, ta juya tana goge teburin da ba shi da datti. Takardun bincike sun fi talatin da suka fita daga tashar da ƙirgarta a cikinsu. Sunanta bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Sau biyu an gode wa "ma'aikatan ɗakin gwaji" a ƙasan shafi, kuma ita kaɗai ce ma'aikatan.

Sai dai jerin sunaye abu ne mai girma da kansa. Darakta ya shiga, don a tasharsa ake aikin. Mataimakinsa ya shiga, don shi ya sa hannu aka saki ragunan. Shugaban sashe ya shiga, sannan wani farfesa da ya taɓa koyar da Darakta. Hatta shugaban sashen motoci ya samu layi, saboda motar da ta ɗauko maganin wanke tumbi. Likitan da ya yi tagogin ya biyo bayansa. Kafin wata biyar, Anti Ƙirga ta gangara zuwa ta takwas, kuma fom ɗin mujallar layi takwas gare shi. Ta ce ba komai, na takwas ma a kan takarda yake.

Doka ɗaya ce ke riƙe da aikin duka. Furotozowa ta miyau suke bi daga dabba zuwa dabba, don haka aka kai ragunan shida wani keɓaɓɓen garke a bayan gona, kusa da katanga, da bokitansu masu jan fenti da takalman roba na shiga wurinsu. Aka kafa allon gargaɗi da Turanci. Mai kula da su wani dattijo ne da ake kira Baba, wanda ya fara aiki a tashar tun kafin a shuka itatuwan da yanzu ake ajiye motoci a inuwarsu. Dakta ta yi masa bayani na rabin awa, da zane a takarda. Da ta gama, Baba ya ce, "Wato dai kada su haɗu da sauran."

"Shi ke nan, Baba. Kada su haɗu."

"An gama."

Sakamako ya fara fitowa da kyau. Da babu masu haɗiye su, bakteriya suka yi yawa. Amoniya ta ragu a ruwan tumbi, alamar furotin ba ya ɓarnacewa kamar da. Iskar da ragunan ke fitarwa in sun yi gyatsa ita ma ta ragu. Abu ɗaya ne ya ɗan ja baya: busasshen kara da tattaka ba sa narkewa sosai, ana ganin burbushinsu a kashi. Wannan bai dami kowa ba sai da dusa ta ƙare a sito, takardar neman wata kuma ta kwanta a teburin Mataimaki, shi kuma ya tafi taron ƙara wa juna sani. Raguna suka koma kan busasshen abinci zalla. Biyar suka daure. Mai lamba biyar a kunne ya fara tsayawa a lungu, kai a ƙasa, yana kallon abinci kamar an ba shi jarida.

Darakta bai san da wannan ba, don bai taɓa zuwa bayan gona ba. Abin da ya sani shi ne akwai babban taro a birni ranar Alhamis, kuma zai yi jawabi mai taken "Tumaki Masu Tsabtataccen Ciki: Nasarar Tasharmu." Har an buga ƙyalle da hotonsa yana dafe da rago. Ragon daga babban garke aka jawo shi, don ya fi kusa da ofis.

Ranar Litinin da safe, Anti Ƙirga ta jera kwalabe shida, ta ɗiga ruwan Lamba Ɗaya a gilashi, ta sunkuya. Wani abu mai kama da ƙwayar shinkafa ya ratsa hasken a hankali, yana kaɗa gashinsa, ya fita ta ɗaya gefen. Ta ɗago. Ta wanke gilashin, ta ɗauko sabo, ta sake ɗigawa. Yanzu biyu ne. A Lamba Biyu ta ga huɗu. Da ta zo kan Lamba Biyar, kasuwa ta tarar, manya da ƙanana, wasu ma suna rabewa biyu a gaban idonta.

"Sannunku da zuwa," in ji ta a hankali. "Wa ya kawo ku?"

Ta cire farar riga, ta sa takalman roba, ta nufi bayan gona. Ta sami Baba zaune a kan juyayyen bokiti, Lamba Biyar kwance kusa da shi yana tuƙa, ido a lumshe, kamar wanda ya gama ginin gidansa.

"'Yata, kin ga mutumin naki? Ya dawo."

"Na gani, Baba. Me aka ba shi?"

"Ba magani. Ku masu magani ai kun gama naku." Ya gyara zama, don labarin yana masa daɗi. "Ran Talata na ga rago zai mutu a hannuna. Tuƙa ta tsaya. To ni tun ina yaro na san abin da ake yi. Na je babban garke, na sami tsohon ragon nan mai karyayyen ƙaho yana tuƙa, na jira ya dawo da ita baki, na sa yatsu biyu na zaro. Har ya cije ni, ga wurin. Na dunƙule a hannu da ɗuminta, na zo na tura wa wannan. Kwana biyu ya miƙe."

Anti Ƙirga ta nemi wani bokitin ta zauna.

"Sauran biyar ɗin fa?"

"Ran Juma'a na yi musu. Kada a ce na nuna bambanci."

"Baba, ba an ce kada su haɗu da sauran ba?"

"Ba su haɗu ba. Ko ganin juna ba su yi ba. Ni na yi ta zirga-zirga." Ya nuna ƙafarsa. "Kuma duk shigowa sai na sauya takalmi, yadda Dakta ta ce."

Da Dakta ta ji, ba ta yi faɗa ba. Ta leƙa madubi, ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a ƙasa ta jingina da firiji, ta ce wata bakwai. Ta sake cewa wata bakwai. Daga nan suka tafi wurin Darakta tare.

Darakta mutum ne mai fara'a da son a zauna lafiya. Ya saurare su har ƙarshe yana juya biro.

"Su waɗannan abubuwan, nawa ne girmansu?"

"Ƙanana ne ƙwarai, Yallaɓai," in ji Dakta.

"Ana ganinsu da ido?"

"Sai da madubi."

"Madubi nawa muke da shi a tashar nan?"

"Ɗaya."

"Wa ke dubawa?"

Dakta ta dubi Anti Ƙirga. Darakta ya juyo da murmushi.

"Anti Ƙirga, wata bakwai kina rubuta sifili kowace Litinin. Hannunki ya saba. Sati biyu ya rage a rufe aikin. Ni ban ce ki yi ƙarya ba, na ce kada ki sauya hali rana ɗaya. Wa zai shiga cikin rago ya duba?"

"Akwai taga, Yallaɓai."

"Tagar tamu ce." Ya jawo fom ɗin sunaye. "Na ga ma an sa ki ta takwas. Bai dace ba, mace mai shekaru a aiki. Ta uku ya fi kyau. Je ki ki yi tunani, gobe ki kawo mini littafin."

Da yamma a gida, tana tsinke ganye a tsakar gida, maigidanta yana gyaran fanka a kan tabarma, autarsu tana guga. Ta ba su labarin duka. Maigidan, wanda direban bas ne da ya ajiye aiki, ya yi dariya har ya ajiye sukudireba.

"Wato tsohon nan ya yi wa gwamnati fasa-ƙwauri da hannu."

"Ba abin dariya ba ne, Malam."

"To rubuta masa sifilin mana. Su ƙwayoyin za su kai ƙara ne?"

"Mama, ta uku fa," in ji Auta. "A makarantarmu malamin da sunansa ya fito na uku, har hotonsa aka manna a allo. Ke ko a katin gayyata ba a rubuta sunanki, sai dai a ce da iyali."

"Ke yi gugarki."

Ta ci gaba da tsinkar ganye. Tana son layin nan, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta taɓa gwada rubuta sunan a bayan ambulan, ta ga yadda zai zauna a tsakanin na daktoci. Amma ta tuna cewa wani wuri akwai wata mata irinta, a ƙarshen wata baranda, da za ta karanta takardar ta yarda da ita, ta gina nata aikin a kai. Kuma in ta rubuta sifilin gobe, sauran sifilin na wata bakwai, waɗanda ta sha ciwon wuya kafin ta tabbatar da su, duk sun zama abu ɗaya da shi.

"In sunana zai hau takarda," in ji ta, "gara ya hau wadda zan iya karantawa."

Maigidan ya ce shi dai an ƙi shawararsa, a shaida. Ya kunna fanka, ta juya sau biyu ta tsaya.

Washegari ta kai littafin. A gaban Lamba Biyar ta rubuta dubu ɗari da tamanin a kowace mililita, sauran kuma kowa da nasa. Darakta ya karanta, ya cire tabarau, ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan na takwas a fom, a gabanta, ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce Allah ya ba da lada. Ranar Alhamis ya tafi taro ya yi jawabinsa yadda ya rubuta shi, aka tafa. Da ya dawo ya kafa kwamitin mutum bakwai don gano yadda aka shiga cikin raguna ba da izini ba.

Kwamiti ya zauna sau huɗu. An kira maigadi aka tambaye shi ko ya ga wani abu ya wuce ta ƙofa. Ya ce kamar me? Aka ce ba a ganinsa da ido. Ya ce to bai gani ba. An kira Baba, ya maimaita labarinsa, ya nuna cizon, ya ƙara da cewa in an sake barin rago ya daina tuƙa zai sake. Wani ɗan kwamiti mai tumaki a gida ya tsayar da shi, ya ce a yi masa bayanin yadda ake zarowar dalla-dalla. A ƙarshe aka ba da shawarar a ƙara girman allon.

Duk wannan lokacin Anti Ƙirga ba ta daina zuwa bayan gona ba. Ba wanda ya sa ta. Abin ne ya ba ta sha'awa: shekara goma sha tara tana ƙirga mazauna gari, ba ta taɓa ganin yadda gari ke cika daga kango ba. Kullum da safe sai ta ɗebo, ta ƙirga, ta ware su iri-iri, ƙananan da suka fara yawa, da manyan da suka biyo baya. Tunda ta riga ta ɗebo ruwan, sai ta auna amoniya ma, ta ajiye kashi a leda da kwanan wata.

A rana ta goma sha biyu da fara wannan ƙirga, Dakta ta shigo neman makullin firiji, fuska duk ta faɗa. Ta ga littafin a buɗe. Ta karanta shafi ɗaya a tsaye, ta jawo kujera, ta karanta sauran. Sannan ta ɗauki fensir ta fara ɗiga-ɗigo a takarda. Yadda furotozowa ke hawa, haka amoniya ke binsu. Bakteriya na sauka. Burbushin kara a kashi yana raguwa.

"Anti, kin san abin da kika yi? Da muna da raguna marasa su, muna kwatantawa da wasu raguna dabam. Yanzu ga rago ɗaya, babu su, sannan ga su suna dawowa rana bayan rana, a kan abinci iri ɗaya. Wannan ya fi wancan ƙarfi. In muka samu sati shida a haka..."

"Baba ne ya yi, ni ƙirga na yi."

Darakta ya fahimci maganar da sauri fiye da yadda aka zata. Kafin Dakta ta rufe baki ya ce ai dama wannan shi ne mataki na biyu, yana cikin ransa tun farko, bai faɗa ba ne don kada a ruɗe. Ya kira sakatariya ya ce a sauya sunan kwamitin zuwa kwamitin sa ido a kan mataki na biyu. Sannan ya sa aka kira Anti Ƙirga.

Ta shigo da wata takarda a hannu, ta gaishe shi, ta ajiye masa.

"Mene ne wannan?"

"Neman hutu ne, Yallaɓai. Shekara huɗu ban tafi ba. Ofishin ma'aikata sun ce ya taru, wata uku da kwana tara. Idona ma yana so."

"Yanzu? Sati shida muke bukata kullum da safe."

"Ai madubin yana nan. Ga mutum bakwai a fom, duk masana. Zan bar musu makulli."

Darakta ya dubi Dakta. Dakta ta dubi silin.

"Wani ba zai iya ba?" ya tambaye ta.

"Zai iya dannawa, Yallaɓai. Amma ware su iri-iri, ni kaina sai na buɗe littafi, kafin na gano wannan wancan ya wuce."

Darakta ya sa aka kawo sabon fom ɗin da aka sake bugawa. Ya jawo fom, ya ga layi na takwas ya riga ya cika, don surukin Mataimaki ya gama digiri kwanan nan kuma yana bukatar abin nunawa. Ya bi sunayen da bakin biro daga sama zuwa ƙasa, ya dawo sama, yana tsayawa a kan kowanne kamar mai zaɓen wanda za a sauke daga mota. Biron ya tsaya a na shida.

"Shugaban motoci ya kusa ritaya," in ji shi, ya ja layi. "Na shida ya yi?"

"Ya yi, Yallaɓai. Baba fa?"

"Baba yana gaban kwamiti."

"Kwamitin ai ya zama na sa ido."

"To suna sa masa ido." Ya numfasa. "A gode masa a ƙasan shafi. Da sunansa, ba ma'aikata ba. Kin ji daɗi?"

Ta ce ta gode. Ya ɗora biro a kan layin, ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya dubi Dakta, ya nemi takardar hutun da ido ko zai hango wani abu, amma Anti Ƙirga ta riga ta ninke ta ta sa a aljihu.

"Af," in ji shi. "Yaya ma cikakken sunan naki yake?"

Ta miƙa hannu, ya ba ta biron. Ta juyo da fom ɗin gabanta, ta rubuta da kanta, harafi bayan harafi, da irin rubutun da take yi a jikin kwalabe don kada wani ya karanta ba daidai ba. Ta hura tawadar, ta mayar masa. Ya karanta, ya ce ashe suna mai daɗi.

Ta roƙi izinin tafiya, don ta bar ruwan Lamba Uku a cikin fulas, kuma in ya huce sai su daina motsi, ƙirga ta yi wuya.